Wa Ke Duba Mudun Masana Sinadarai?

Kwanakin baya wata ɗaliba da nake duba aikinta na digiri na biyu ta shigo ofis da kwamfutarta a buɗe, fuska cike da fara'a. Bincikenta a kan wasu sinadarai ne da ake samu a ganyen sabara, tana so ta ga wanne zai fi manne wa wani furotin na ƙwayar cuta. Duk aikin a kwamfuta ta yi shi, da manhajar AutoDock Vina. Ta juyo mini da allon ta ce, "Malam, ga shi ya fito, na uku ne ya fi kowanne." Na ce mata madalla, amma ta yaya kika san lambar nan daidai ce? Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Ai manhajar ce ta ba ni, Malam."

Ban ga laifinta ba, domin mu ma haka muka taso. Sikelin ɗakin gwaji mun san akwai ranar da ake ɗora masa ƙarfen da aka san nauyinsa, a ga ko ya karkace. Na'urar auna tsami sai an tsoma ta a ruwan pH 4 da na 7 kafin a yarda da ita. Amma lambar da ta fito daga manhaja hannu bibbiyu muke karɓa. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau ya san bayan ya damƙi geron ya duba tsakuwa da ƙwari, sai ya kai ido kan kwanon awon, ko an bubbuge masa gindi. Bitar maƙala da muka saba da ita duba gero ce: masana biyu ko uku su karanta sakamako su ce ya yi ko bai yi ba. Kwanon da aka yi awon da shi, wato manhajar, sau tari babu wanda ya juya shi ya leƙa gindinsa. Wannan giɓin ne ya sa a yanzu mujallu da ƙungiyoyi suke ta cigiyar 'yan sa kai da za su riƙa bitar manhajojin kimiyya, kuma fannin sinadarai na cikin inda ake shan wahalar samunsu.

Dogaron ilimin sinadarai da kwamfuta ya daɗe. John Pople da abokan aikinsa sun fitar da manhajar Gaussian tun 1970, kuma shi da Walter Kohn ne suka karɓi kyautar Nobel ta 1998 a kan hanyoyin lissafa halayen sinadarai. A 2013 ta koma hannun Karplus da Levitt da Warshel, su ma a kan kwaikwayon sinadarai a kwamfuta, a 2024 kuma rabinta ya tafi ga Demis Hassabis da John Jumper saboda AlphaFold, wadda ke hasashen siffar furotin. Mu a nan Kano namu dogaron ya zo da wani dalili na daban. Sinadaran gwaji da dala ake sayo su, manyan na'urori ba ko'ina suke ba, don haka ɗalibi mai ƙwazo da ƙaramin aljihu yakan karkata ga abin da kwamfutarsa za ta iya. Shi ya sa aikin gwada mannewar magani da furotin ya zama ruwan dare a sassan sinadarai da haɗa magunguna na jami'o'in Arewa.

Akwai labarin da ya kamata kowane ɗalibin wannan fanni ya sani. A 2014 Patrick Willoughby da Matthew Jansma da Thomas Hoye sun wallafa wata hanya a mujallar Nature Protocols, tare da wasu gajerun rubutun Python, wani harshen rubuta manhaja, don lissafa abin da na'urar NMR, wadda ake gane tsarin ƙwayar sinadari da ita, ya kamata ta nuna idan sinadari yana da wata siffa. Masu binciken sinadaran tsirrai da halittun ruwa suna amfani da irin wannan lissafin su tabbatar da siffar sabon abin da suka gano. Mutane suka karɓa, aka yi ta aiki da ita shekara biyar. A 2019, a Jami'ar Hawai da ke Amurka, wani ɗalibi mai suna Yuheng Luo yana maimaita lissafin wani sinadari da aka ciro daga wata halitta mai kama da gansakuka, sai ya ga lambarsa ta saɓa da ta abokan aikinsa, alhali bayanan da suka zuba iri ɗaya ne. Da suka bi diddigi sai suka tarar amsar tana bin irin kwamfutar da aka yi aikin a kai. Windows 10 da wani tsohon tsarin Mac sun ba da lambar NMR 173.2, wadda ita ce daidai. Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, ta ba da 172.4, sabon tsarin Mac kuma 172.7.

Musabbabin ƙaramin abu ne ƙwarai. Ƙwayar sinadari ɗaya tana iya lanƙwasawa ta ɗauki siffofi da dama, kuma kowace siffa tana da fayil biyu: ɗaya na ƙarfin kuzarinta, ɗaya na lambobin NMR ɗinta. Aikin rubutun shi ne ya haɗa kowace siffa da nata kuzarin, domin wadda ta fi ƙarancin kuzari ita ta fi yawa a cikin kwalba, ita ya kamata ta fi nauyi a matsakaicin lissafi. To marubutan sun ɗauka kwamfuta za ta riƙa jero fayilolin bi da bi. Umarnin glob na Python da suka yi amfani da shi kuwa bai yi wannan alkawarin ba, yadda tsarin kwamfutar ya miƙo su haka yake karɓa. Kamar a ce buhu goma ne a sito, kowanne da takardar nauyinsa, sai iska ta hautsina takardun aka mayar da su yadda aka ga dama. Jimillar za ta fito da kamannin gaskiya, babu ƙararrawar da za ta kaɗa. Maganin kawai a ce wa kwamfuta ta jera fayilolin kafin ta haɗa. An bayyana lamarin a mujallar Organic Letters a watan Oktoba na 2019, lokacin da maƙalu sama da 100 sun riga sun ambaci wannan hanya. Willoughby ya karɓi gyaran da hannu biyu, ya yaba wa waɗanda suka gano. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin shi ne ba wani babban farfesa ne ya gano ba. Ɗalibi ne da ya yi aikin a kwamfutar da ta bambanta da ta marubutan, kuma bai kawar da kai ba da ya ga saɓani.

Kafin wannan an yi wanda ya fi shi ciwo. A ƙarshen 2006 Geoffrey Chang na cibiyar Scripps ya janye maƙalu biyar kan siffar furotin, uku daga cikinsu a mujallar Science, bayan an gano wata manhajar gida da suke amfani da ita ta musanya ginshiƙai biyu na bayanai, siffar ta fito a juye kamar hoton madubi. Shekarun aiki suka tafi, har da na wasu da suka ɗora bincikensu a kai.

Yaya ake bitar manhaja? Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Journal of Open Source Software, wadda ake taƙaitawa da JOSS. Arfon Smith da wasu abokansa suka kafa ta a 2016, kuma a 2023 ta wallafa maƙalarta ta 2000. Marubuci ba ya biyan ko sisi, mai karatu ma haka. Maƙalar kanta gajeriya ce, shafi ɗaya zuwa uku, domin abin da ake tantancewa shi ne manhajar. Edita zai nemo aƙalla masu bita biyu, a buɗe musu zaure a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, inda kowa a duniya zai iya karanta abin da ake faɗa, da sunan kowa a fili. Ana ba mai bita jerin abubuwan dubawa: ko akwai lasisin buɗaɗɗiyar manhaja, ko ya iya girka ta a kwamfutarsa ta hanyar bin umarnin da aka rubuta, ko tana yin abin da marubutan suka ce tana yi, ko akwai misalai, ko akwai gwaje-gwajen da za su tona asiri idan wani gyara ya ɓata wani sashe, ko an faɗi yadda baƙo zai kawo ƙorafi ko gudummawa. Duk inda ya ga tangarɗa sai ya rubuta, marubucin ya gyara, ya dawo ya sake gwadawa, har sai kowane layi ya samu alamar ya yi. Ba kasafai ake korar aiki ba idan ya kai wannan matakin, manufar a gyara shi ne har ya tsaya da ƙafarsa. Ƙungiyar rOpenSci, wadda aka kafa a 2011, tana irin wannan ga manhajojin harshen R, pyOpenSci kuma da Leah Wasser ta assasa a 2018 tana yi wa na Python, har tana haɗa sabon mai bita da wanda ya goge don ya riƙe masa hannu a karon farko.

To me ya sa masu bita suke wuya a fannin sinadarai? Domin aikin yana son mutum mai ido biyu. Gwanin rubuta manhaja zai ga inda aka yi kwaɓa a tsari, amma ba lallai ya san cewa kusurwar ƙwayar ruwa digiri 104.5 ce ba, balle ya tsaya idan manhaja ta ba shi 120. Masanin sinadarai kuma zai gane amsar banza da kallo ɗaya, amma yana iya yin kwana biyu bai iya girka manhajar ba. Mafi yawan kurakuran da ke kashe aiki a wannan fanni a tsakanin nan suke ɓuya. Ɗauki ma'auni kawai. Wata manhajar tana fitar da kuzari da hartree, wata da kilokalori, wata da kilojul. Hartree ɗaya kusan kilokalori 627.5 ne a kowane mol, kilokalori ɗaya kuma kilojul 4.184. Tsawo, wato tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra, wani yana auna shi da angistiram, wani da bohr, wanda bai wuce angistiram 0.529 ba. Idan marubuci ya ruɗe a nan, gwaje-gwajensa duka za su ce lafiya lau, tunda shi ya rubuta gwajin da ruɗewar da ya rubuta manhajar. Haka batun sinadarai masu hannun dama da na hagu, waɗanda komai nasu ɗaya amma ɗaya hoton madubin ɗaya ne, ko batun ko manhaja ta san wane sashen magani ne ke ɗauke da caji a tsamin jinin mutum, pH 7.4. Wanda ya yi shekaru yana koyar da waɗannan a aji shi zai fara jin wani abu bai zauna ba.

Ga kuma ƙanƙantar da'irar. A wani lungun fannin, mutanen da suka san abin ba su da yawa, kuma rabinsu sun taɓa rubutu tare da marubucin ko suna ma'aikata ɗaya, dokar kauce wa son zuciya ta fitar da su. Wata manhajar ba ta tashi sai da wata mai tsadar lasisi ko babbar kwamfutar cibiya. Sauran da suka rage su ake ta komawa wa har su gaji. Wani bincike da Balazs Aczel da abokansa suka wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa masu bitar maƙalu a duniya sun ba da sama da sa'o'i miliyan 100 a shekarar 2020 kaɗai, kusan duka kyauta. Rahoton 2018 na Publons, wani dandali da ya riƙa ajiye bayanan masu bita, kuma ya nuna masana daga ƙasashe masu tasowa ba a gayyatarsu gwargwadon yawan abin da suke wallafawa, saboda editoci sun fi kiran waɗanda suka sani a yankunansu. Wato a gefe guda ana kukan rashin hannu, a ɗaya gefen ga hannaye a zube ba a san da su ba. Takardar rajistar masu bita da waɗannan mujallu suke ajiyewa a shafukansu ita ce hanyar da edita a Jamus ko Kanada zai san akwai wata malama a Jami'ar Bayero ko wani malami a Wudil da ya san GROMACS, manhajar kwaikwayon motsin ƙwayoyin sinadarai, ciki da waje.

Akwai kuma abin da mai bita daga Kano zai gani wanda na can ba zai taɓa gani ba, kuma wannan ne ya fi ƙarfafa mini gwiwa. Mai rubuta manhaja a babbar jami'ar Turai yana zaune ne da intanet marar yankewa, da Linux ko Mac sabuwa, da wutar da bai taɓa tunanin za ta ɗauke ba. Idan ya rubuta cewa girkawa minti biyar ce, gaskiyarsa ya faɗa. Ɗalibinmu kuwa da Windows yake, kwamfuta 'yar gwanjo mai ƙwaƙwalwar giga 4 ko 8, datar wayarsa yake jonawa. Shi zai gano cewa girkawar tana janyo kaya masu nauyin da zai cinye datar mako, alhali rabinsu ba a buƙata. Shi zai gano cewa idan wuta ta ɗauke a awa ta shida ta lissafi, manhajar ba ta ajiye inda ta tsaya ba, sai an koma farko. Shi zai gano umarnin ya tsallake mataki saboda marubucin ya ɗauka kowa ya sani, ko an rubuta shi da Turancin da sai ɗan gida. Duk waɗannan gyare-gyare ne na gaske, suna cikin abin da jerin dubawar ya tambaya, kuma amfaninsu zai kai ga ɗalibi a Dakar da Dhaka. Kada a manta, tangarɗar Hawai bambancin kwamfuta ne ya tona ta.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce, domin an faɗa mini a ɗakin shan shayi: mutum yana fama da aji mai ɗalibai ɗari uku, ga takardun jarrabawa, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, sannan a ce ya sayi data da kuɗinsa ya yi wa wasu aiki kyauta? Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Bita ɗaya tana iya cin sa'o'i da yawa a warwatse cikin makonni, kuma kwamitocin ƙarin girma a jami'o'inmu maƙala suke ƙirgawa, ba su da gurbin wannan. Ni ma ina jin ciwon yi wa manyan kamfanonin ɗab'i bita kyauta, su kuma su juyo su nemi dubban daloli kafin su buga aikina ko su bar ɗalibina ya karanta. Amma wannan daban ne. Manhajojin sinadarai irin su RDKit da Open Babel da Avogadro da Psi4 da GROMACS da ita kanta Vina, babu wanda ya taɓa karɓar kobo a hannunmu, kuma da su ɗalibanmu da yawa suka sami digiri. Wannan gayya ce, kuma an daɗe ana yi mana noma a gonarmu. Wanda ya san gayya ya san ba a biyan lada, amma ana lura da wanda kullum gonarsa ake zuwa shi ba ya zuwa ta kowa.

Kuma ba a tashi hannu rabbana. Sunan mai bita yana fitowa a shafin maƙalar, zauren bitar yana nan a buɗe har abada, mutum zai iya sa adireshinsa a takardar neman gurbin karatu ko tallafin bincike, duk mai so ya je ya karanta irin tunaninsa. Karanta rubutun manhajar wani da idon gyara yana koyar da abin da kwas ba ya koyarwa. Ra'ayina shi ne sassanmu su fara lissafa wannan a cikin hidimar ilimi lokacin ƙarin girma, tunda hujjarsa ta fi ta bitar sirri sauƙin tabbatarwa, kuma reshen Kano na Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Najeriya wuri ne da ya dace a fara wannan magana.

Akwai wani abu namu na gida da sai mun yi hattara da shi, wato kara. Muna jin nauyin cewa a'a, muna kuma jin nauyin gyara wa babba a bainar jama'a. Na farkon yana da illa ƙwarai a nan. Idan edita ya gayyace ka alhali kana tsakiyar jarrabawa, ka ce ba ka da sarari a wannan watan, ko ka nuna masa wani. Wannan ya fi ka amsa don kunya sannan ka ɓace, domin a ɗaya ɓangaren wataƙila ɗalibi ne yake jiran maƙalar ya kammala digirin digirgir. Na biyun kuwa tarbiyyarmu ma taimako take. Ba a neman ka ce aikin wane bai yi ba. Cewa za ka yi: na bi mataki na uku a Windows, ga saƙon da ya fito, ga abin da na zata zan gani. Ka faɗi abin da ya burge ka, ka bambance gyaran da ya zama dole da wanda shawara ce. Idan wani sashe ya fi ƙarfinka ka gaya wa edita tun farko, shi zai nemo wanda zai cike. Sau da yawa da gangan ake haɗa masanin fannin da masanin manhaja.

Abin da ake buƙata kafin a fara bai kai yadda ake tsoro ba: asusun GitHub, ɗan sanin Git (manhajar bin sawun gyare-gyare) da Python ko R, da sanin yadda ake keɓe wa baƙuwar manhaja ɗakinta a kwamfuta da conda, don kada ta hargitsa sauran kayan aikinka. Darussan Software Carpentry, masu koya wa masu bincike irin waɗannan abubuwa, suna nan kyauta a intanet. Kafin ka cika takardar rajista, ka zauna ka karanta bita biyu ko uku da aka gama a fanninka daga farko har ƙarshe, za ka ga yadda ake magana. A wajen cikawa kuma ka faɗi ainihin abin da ka sani. Rubuta "sinadarai" kawai ba zai sa edita ya same ka ba. Rubuta cewa kana aikin mannewar magani da furotin, ko nazarin ƙarafa masu guba irin kuromiyam a ruwan masana'antun fata, da harsunan manhajar da kake iya karantawa.

Ita ɗalibar tawa aikin da na ba ta shi ne ta ɗauko furotin da aka riga aka san inda maganinsa yake zama ta hanyar gwajin haska kiristal ɗinsa da hasken X-ray, ta cire maganin, ta sa manhajar ta mayar da shi, ta auna tazarar da ke tsakanin inda ta ajiye shi da inda yake a zahiri. Idan bai kai angistiram 2 ba, a al'adar fannin an yarda tsarin nata yana kan hanya. Bayan mako guda ta dawo. Gwajin ya yi kyau, amma a hanya ta ci karo da wani abu: wata ƙaramar manhajar shirya fayiloli da take amfani da ita tana tsayawa cak idan sunan jakar da fayil yake ciki yana da tazara a tsakiyarsa, ita kuwa jakarta sunanta da na mahaifinta ta sa mata. Ta ce, "Malam, na canza sunan jakar, yanzu tana yi." Na ce to wanda zai zo bayanki fa? Muka zauna ta buɗe asusu, ta rubuta abin da ta yi da abin da ya faru cikin layi biyar, ta manna saƙon kuskuren. Sau uku tana gogewa tana sakewa kafin ta aika. Bayan kwana biyu marubucin ya amsa, ya gode mata, ya ce ta sauko da sabon gyaran ta gwada a kwamfutarta ta gaya masa ko ya yi.